Rawani da Takarda: Renon Shugabannin Ƙungiyoyin Al'adu a Zangon Lome

Tsakure: Maƙalar ta dubi dalilin da ya sa horo da tallafin da ake bai wa shugabannin ƙungiyoyin fasaha a Togo ba su cika isa Zangon Lome ba. Hujjarta ita ce an tsara su ne domin shugaban da ke da rajista da ofis, alhali shugabanci a Zango ya dogara ga maigida da sarauta.

Lome ta daɗe tana horar da jami'an al'adu. A 1976 aka buɗe cibiyar CRAC a birnin domin koya wa ma'aikata daga ƙasashen Afirka dabarun tafiyar da harkokin al'adu, ita ce yau ake kira IRES-RDEC. Shekara guda bayan haka, a 1977, gwamnatin Eyadema ta tayar da Zango daga tsakiyar gari, ta mayar da mutanensa arewa, tafiyar kimanin kilomita 15, tsohon filin kuma ya koma hannun bankuna. Ke nan a lokacin da ake gina ilimin shugabantar al'adu a aji, a lokacin ne aka nisanta wata tsohuwar al'umma mai nata tsarin shugabanci daga idon hukuma.

Mene ne wannan tsari? Michel Agier, a littafinsa na 1983 kan 'yan kasuwar Zangon Lome, ya nuna cewa cinikin shanu da sauran fatauci sun rataya ne a wuyan maigida: shi ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya tara yara a ƙarƙashinsa, darajarsa kuma tana ƙaruwa gwargwadon jama'ar da yake ɗauke da ita. Idan aka ɗora wannan bayani a kan fasaha, lamarin ya fito fili. A al'adar Hausawa makaɗi da maroƙi da mai shirya wasa suna cin abinci ne daga suna da biki da naɗin sarauta da hidimar Sallah, masu ɗaukar nauyin waɗannan kuwa su ne masu gida. Shugaban makaɗa bai zama shugaba don ya iya tsara kasafi ba. Ya zama ne don ya san wanda za a gayyata, da yadda za a raba abin da aka samu ba tare da rigima ba, da ranar da za a bar yaro ya kama gabansa. Ilimi ne na gaske, kuma a bayan ubangida ake koyonsa shekara da shekaru.

Hukuma kuwa wani shugaba take nema. Ƙungiya a Togo tana rajista ne bisa dokar 1901 da aka gada daga Faransa, da kundin tsari da shugaba da ma'aji. Asusun tallafa wa al'adu na FAC, wanda ya fara rabon kuɗi a 2013, takardar neman tallafi ya riƙa karɓa, da Faransanci. Hausa ba ta ma cikin harsuna biyu, Ewe da Kabiye, da aka ɗaukaka a makarantu tun 1975. Saboda haka mai jama'a ba shi da takarda, mai takarda kuma sau da yawa ba shi da jama'a.

Za a iya cewa, to a bar Zango da tsarinsa mana, tunda ya rayu tun zamanin Jamus ba da kuɗin gwamnati ba. Akwai gaskiya a nan, sai dai arziƙin maigida yana hawa yana sauka da kasuwa, kuma kyautar biki ba ta biyan kuɗin ɗaukar murya, ba ta yi wa waƙa rajista a hukumar haƙƙin mallaka ta BUTODRA. Tsarin da ya iya ciyar da makaɗi bai tanadi hanyar adana aikinsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa da zarar kuɗin tallafi ya shigo, matasa masu boko za su ture dattawa, ƙungiya ta dare biyu. Haka zai faru in an ci gaba da kiran mutum ɗaya zuwa bita, a ba shi takardar shaida, a ce shi ne shugaba. Abin da ya dace a horar shi ne mutum biyu tare, mai sarautar da magatakardansa, da harshen da dattijon yake ji, kuma a sa rabon kuɗi a gaban jama'a kamar yadda aka saba. Haɗuwar malami da mai biro ba sabon abu ba ne a wannan yanki: a Kete-Krachi, lokacin tana cikin Togo ta Jamus, rubuce-rubucen Imam Umaru sun kai ga ɗab'i ta hannun Adam Mischlich, duk da cewa sunan Baturen ne ya fi fitowa a bango. Wannan ne haɗarin da shirin horo zai toshe tun farko, ta hanyar rubuta wa kowa matsayinsa da haƙƙinsa a kundin ƙungiya kafin a karɓi ko sisi.