Jinin Fage: Tarihin Yarda da Alhaki a Wasannin Kasada na Ƙasar Katagum

Wasan dirowa daga jirgin sama da laima, wanda ya zama sana'a mai kawo kuɗi a Amurka da Turai da Dubai, ba ya farawa sai mai son dirowa ya sa hannu a wata takarda da ake kira takardar yafe alhaki, wato rubutacciyar shaida cewa ya san wasan na iya zama ajalinsa, kuma shi da magadansa ba za su bi kamfani ko matuƙin jirgi ko mai naɗe laima bashin komai ba idan tsautsayi ya faɗa. Wannan wasa ba al'adar ƙasar Katagum ba ne, amma tambayar da takardar take ƙoƙarin amsawa tsohuwa ce a Bulkachuwa, garin da ke gabas da Azare a kan hanyar Potiskum, kamar yadda take tsohuwa a duk inda mahauta suke dambe da hawan ƙaho, Fulani suke shaɗi, mahaya kuma suke sukuwa ranar hawan salla. Tambayar ita ce: idan mutum ya shiga fage da ƙafarsa, ba tare da an tilasta masa ba, ya fito da ido ɗaya ko aka fito da gawarsa, wuyan wa jininsa yake?

Masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta zauna a kan iyakar Daular Sakkwato da Borno, don haka ta tara Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare, kowa da irin wasan da yake gwada jarumtar samarinsa da shi. Tsohuwar shaidar da aka rubuta game da haɗarin ɗaya daga cikin waɗannan wasanni ta fito daga matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya sauka a birnin Katagum a watan Janairun 1824, ya binne abokin tafiyarsa Dakta Oudney a Murmur, sannan ya wuce Kano. A Kano ya sa aka kira masa 'yan dambe, suka zo da makaɗa da rundunar mahauta, kuma ya rubuta cewa ya hana su yin damben gaske a gabansa domin an tabbatar masa da wuya a tashi irin wannan karo ba a rasa rai ba. Ko da an rage wani abu saboda halin matafiya na zuzuta labari, maganar ta nuna cewa mutanen wancan zamani sun san dambe yana kisa, kuma sanin bai hana su cika fage ba.

Wanda ya ga yadda ake shirya ɗan dambe ba zai yi mamakin haka ba. Ana naɗe hannu ɗaya da tsumma, a bi shi da igiyar da ake kira kara, a ɗaure tamau tun daga wuyan hannu har dunƙulen ya koma kamar dutse, ɗaya hannun kuma a bar shi a buɗe don karewa da auna tazara, alhali kalangu yana kiran sunan mutum da na ubansa da na garinsu. Hawan ƙaho ya fi wannan muni ta wata fuska, domin abokin karawar ba ya jin kirari kuma ba ya sanin an raba: ana ɗaure bijimi da igiya biyu, ɗaya a wuya ko ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, samarin pawa suna riƙe da su, a yi ta tsokanarsa har ya fusata, sannan mai hawa ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyansa. Rayuwar mai hawa a wannan lokaci tana hannun masu igiya, musamman na baya, waɗanda idan suka yi sake na ƙiftawar ido sai labari ya canza. A shaɗi kuwa, wanda wasu ke kira sharo, saurayi ne yake tsayawa ƙirji a buɗe, ya ɗaga hannu, takwaransa ya zabga masa tsumagiya, ba a yarda ya motsa ko ya ɓata fuska ba, kuma yana sane cewa ramuwa tana nan tafe a wani zagaye.

Al'ada ta tsara wa waɗannan wasanni shugabanci, domin Sarkin Pawa da Sarkin Dambe da ardo da manyan samari su ne suke ba da fage, su haɗa sa'a da sa'a, su raba idan abu ya wuce wasa. Game da jini kuwa, abin da bakin jama'a ya saba faɗa shi ne kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ma'ana shiga fage kanta yarda ce, ba a bukatar shaida ko rubutu. A nan ne al'ada ta sha bamban da littattafan da alƙalan masarautar suke hukunci da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, dukkansu a mazhabar Malikiyya.

Malikiyya ta raba kisa gida biyu, ganganci da kuskure. A ganganci akwai ƙisasi, wato ramuwar rai da rai, sai fa idan magada sun yafe ko sun karɓi sulhu, kuma ko sun yafe ana yi wa mai kisa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. A kuskure babu ƙisasi, amma akwai diyya, wato dukiyar da ake biya a madadin rai: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma ba mai kisan kaɗai ke ɗaukarta ba, aƙila ce ke biya, wato danginsa maza ta wajen uba, a rarrabe cikin shekara uku. Gaɓoɓi ma suna da nasu ƙima, domin ido ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Malaman ba su manta da 'yan wasa ba, domin a Mudawwana, babban littafin da ya tattara fatawoyin Imamu Malik ta hanyar Ibn Alƙasim, an kawo misalin masu kokawa da masu jifan juna cikin raha, aka ce idan ɗaya ya mutu ana lissafa abin a kuskure, diyya kuma tana kan aƙila. Wasu malaman mazhabar sun fi haka tsanantawa, sun ce duka da gangan ganganci ne ko da sunan wasa aka yi shi, amma ra'ayin farko shi ne ya shahara. Abin lura shi ne babu ra'ayin da ya ce jinin ɗan wasa ya tafi a banza don kawai ya shiga da yardarsa.

Mas'alar da ta fi kusa da takardar yafe alhaki tana cikin Muhtasar da sharhohinsa, inda aka tattauna mutumin da ya ba wani izinin kashe shi tare da alkawarin ya yafe masa. Hukuncin da ya shahara shi ne wannan yafiya ba ta da amfani, saboda dalilai biyu da suke haɗe da juna: na farko, mutum ya zubar da haƙƙi tun kafin haƙƙin ya wajaba, na biyu kuma, da zarar ya mutu haƙƙin jini ya koma hannun magada, ba shi da ikon kyautar da abin da ba nasa ba. Idan izinin na yanke gaɓa ne, ba a yin ƙisasi matuƙar raunin bai kai ga mutuwa ba, amma hukuma tana da ikon ladabtarwa. Idan kuwa mutum ya yafe bayan an riga an ji masa raunin da zai kashe shi, yafiyarsa ta inganta a ganganci, a kuskure kuma ana ɗaukarta kamar wasiyya, ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Malam Alhaɗɗab, wanda ya rasu a ƙarni na 16, ya keɓe sashe guda a littafinsa na hukuncin alkawuran da mutum ke ɗora wa kansa domin wannan batu na zubar da haƙƙi kafin lokacinsa. Wato ƙarnoni kafin a ƙera jirgin sama, fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Azare ya riga ya bambanta yafiyar da ta riga ɓarna da wadda ta biyo bayanta.

Haka kuma fiƙihun bai bar batun dabbobi ba. Risala ta ɗora alhakin abin da dabba ta take a kan mahayinta da mai janta da mai korarta, ta kuma sauke alhaki idan dabbar ta yi ɓarna ba da sa hannun kowa ba. Idan aka auna hawan ƙaho da wannan ma'auni, bijimin da aka ɗaure aka tsokana da gangan ba dabbar da ke tsaye don kanta ba ce, saboda haka ɗan kallon da bijimin ya tsinke igiya ya soka yana da hujja mai ƙarfi a kan masu riƙo da masu shirya wasa, tun da shi bai ma shiga fage ba. Game da mahaya biyu da suka yi karo suka mutu, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar dawaki, diyyar kowannensu tana kan aƙilar ɗaya.

Turawa sun ci Katagum a 1903, hedikwatar masarauta ta koma Azare a 1916, aka kuma cire yankin daga Lardin Kano aka haɗa shi da Lardin Bauchi a 1926, amma a duk wannan lokaci shari'ar jini ta ci gaba da gudana a kotunan sarakuna da na alƙalai a ƙarƙashin sa idon Razdan. Babban sauyi ya zo ne da kundin dokar laifuffuka na Jihar Arewa na 1959, wanda ya fara aiki a 1960 bayan shawarar kwamitin masana da Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta a 1958. Kundin ya samo tsarinsa daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya, ya shigo da tunanin Ingila cewa yarda tana iya zama kariya. Sashe na 53 ya ce raunin da aka ji wa wanda ya haura shekara 18, wanda ya yarda cikin sani, a bayyane ko a fakaice, ba laifi ba ne, amma ya cire duk aikin da ake kyautata zaton zai jawo mutuwa ko mummunan rauni. Sashe na 222 kuma ya sauke kisan wanda ya yarda da kasadar mutuwa daga matakin hukuncin kisa, bai mayar da shi halal ba. Sharaɗin shekara 18 yana da nauyi a nan, domin da yawa daga masu shaɗi da masu fara dambe a ƙauyuka ba su kai wannan shekaru ba, yardarsu kuwa ba ta da ƙima a idon doka. A 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, Jihar Bauchi ta dawo da ƙisasi da diyya a rubuce ga Musulmi a kotunan shari'a, don haka yau ma'auni biyu ne suke aiki a Katagum, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya amince mutum ya sa hannu ya sallama ransa.

Ƙasashen da suke da wasan laima ma ba su taru a kan magana ɗaya ba. A 1981 Kotun Ƙolin Jihar Kolorado ta Amurka, a shari'ar Jones da Dressel, ta tabbatar da takardar da wani matashi mai dirowa ya sa wa hannu, bayan jirgin da ya ɗauke shi ya faɗi ya ji rauni, kotunan Kalifoniya ma suka bi wannan hanya a 1985, bisa hujjar cewa wasan ba larura ba ne, wanda bai so sharuɗɗan ba yana iya zama a gida. Duk da haka kotunan Amurka ba sa barin takarda ta rufe mummunan sakaci ko ganganci, jihohi irin su Bajiniya da Luwiziyana kuma ba sa karɓarta a kan raunin jiki. Ingila ta rufe ƙofar tun 1977 da dokar da ta hana mai sana'a kuɓutar da kansa ta hanyar yarjejeniya daga mutuwa ko raunin da sakacinsa ya jawo, matsayin da ya fi kusa da na Halil fiye da na Kolorado.

Abin da ya sa ƙarar jinin fage ba ta cika isa gaban alƙali ba a ƙasar Hausa shi ne yafiyar bayan ɓarna: manya su je ta'aziyya, a ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, uba ko wa ya ce sun bar wa Allah. Wannan hali ya kashe gaba da yawa tsakanin garuruwa da zuri'o'i, kuma shari'a ta yaba shi, sai dai yana da wani gefe da ba a cika dubawa ba. Diyya dukiyar gado ce da ake rabawa bisa ƙa'idar rabon gado, matar mamaci tana da tumuni ko rubu'i a ciki, marayu suna da kasonsu, kuma dattijon da ya ce an yafe kasonsa kaɗai yake da ikon yafewa. Yanzu da dambe ya tashi daga wasan kaka bayan girbi ya koma gidajen dambe masu karɓar kuɗin ƙofa, da ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramada, da kamfanonin da ke ɗaukar wasa suna sayarwa a YouTube, an sami mai cin riba wanda ba ya naɗa kara kuma ba ya shan naushi, kuma shi ne zai fi kowa sha'awar takardar sa hannu. Irin wannan takarda tana iya zama shaida cewa ɗan wasa ya san haɗarin naushin abokin karawarsa, amma ba ta sauke wa mai gida alhakin haɗa yaro da ƙato, ko barin fage babu likita, ko amfani da ruɓaɓɓiyar igiya, kuma a Malikiyya da ake hukunci da ita a Azare ba ta taɓa kason matar mamaci da marayunsa.