Daga Ina Tambayoyin Gwajin Otizim na Intanet Suka Fito?

Yau zan yi magana a kan waɗannan tambayoyin da ke yawo a intanet, waɗanda za ka amsa a wayarka, cikin minti goma a ba ka maki, a ce wai kana da alamun otizim, lalurar da wasunmu ke kira galahanga. Wasu na ɗauka 'yan TikTok ne suka ƙirƙiro su. A'a, abin ya girmi TikTok nesa ba kusa ba.

Tun a shekarun 1920 wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta yi rubutu a kan wasu yara maza shida masu irin waɗannan ɗabi'u, amma duniya ba ta kula ta ba. Sai a 1943 Leo Kanner a Amurka ya bayyana yara 11, shekara ɗaya bayan nan Hans Asperger a Ostiriya ya fitar da nasa binciken. Ku lura, duk yara ake dubawa, kuma likita ne ke dubawa. Babba ya zauna ya auna kansa da kansa? Babu wannan zancen a lokacin.

Abin ya fara sauyawa a 1981, da Lorna Wing a Ingila ta farfaɗo da aikin Asperger, tana mai nuna cewa lalurar hawa-hawa ce. Wani ba ya magana sam, wani kuma yana koyarwa a jami'a. To idan haka ne, ai akwai manya da yawa da suka girma ba wanda ya taɓa duba su.

A nan ne Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka shigo. A 2001 suka fitar da gwajin AQ mai tambayoyi 50. Kana jin ƙananan sautuka da wasu ba sa lura da su? Kana yawan lura da lambobin motoci? Ka fi son laburare a kan wurin biki? A binciken nasu, kashi 80 cikin 100 na masu lalurar sun samu maki 32 ko sama, a cikin sauran mutane kuwa kashi 2 ne kacal. A ƙarshen shekarar mujallar Wired ta buga gwajin, shi ke nan ya fita daga hannun masu bincike ya shiga hannun kowa. Daga baya aka samu RAADS-R a 2011 mai tambayoyi 80, wanda asali an tsara shi ne a cike tare da likita, amma yau mutane na cikewa su kaɗai da tsakar dare.

Ni dai a ganina gwajin ya yi amfani. Akwai wanda ya shekara talatin ana ce masa miskili ko mai girman kai, sai a nan ya fara samun sunan abin da ke damunsa. Amma fa waɗanda suka tsara AQ da kansu sun ce manuniya ce kawai, ba ta yanke hukunci. Mai fargabar shiga mutane ko mai ciwon damuwa zai iya samun maki mai yawa, mai lalurar da ya ƙware wajen ɓoye ta kuma ya samu kaɗan.

Sannan tambayoyin an rubuta su ne da Bature a zuciya. Akwai wadda ke tambayar ko ka fi son gidan wasan kwaikwayo a kan gidan tarihi. Don Allah saurayin da ya tashi a Gumel, bai taɓa shiga ko ɗaya ba, me zai zaɓa? Mu da aka tarbiyyantar da kunya da kawaici, shirunmu a gaban manya ladabi ne, amma a takarda zai iya zama maki.

A Ingila akwai gajeren gwajin mai tambaya 10, wanda ya samu 6 ko sama ana shawartar a tura shi cikakken bincike, inda za a tambayi har yadda yarintarsa ta kasance. Mu ma idan makinka ya tayar maka da hankali, ka ɗauki hoton sakamakon ka kai wa likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa, in da hali ka tafi da wanda ya san ka tun kana ƙarami. Sai mun haɗu a shiri na gaba.