Ƙungiyar Can da Sabon Salon Kiɗa a Jamus ta Yamma, 1968–1979

Manufar wannan maƙala ita ce duba tarihin Can, ƙungiyar makaɗan rok da aka kafa a birnin Kolon a 1968. Matasan Jamus ta Yamma na wancan zamani sun ƙyamaci abin da mulkin Nazi ya bar musu gado, ba su kuma yarda su zama 'yan amshin shatan makaɗan Amurka da Ingila ba.

Biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, watau Holger Czukay da Irmin Schmidt, almajiran Karlheinz Stockhausen ne. Amma a ganina ginshiƙin salonsu shi ne makaɗin ganga, Jaki Liebezeit, wanda yakan riƙe kari ɗaya yana ta maimaitawa, sauran su riƙa ɗora amo a kansa. Sukan yi sa'o'i suna kiɗa yadda ya zo musu, sa'an nan Czukay ya yanyanka tef ɗin, ya harhaɗa. Da haka aka sami faifan Tago Mago (1971), inda "Halleluwah" kaɗai ta haura minti 18. Mawaƙinsu a lokacin, Damo Suzuki, mutumin Japan ne da suka tarar yana waƙa a titin Munik a 1970. Shi amon muryarsa ya dame shi fiye da ma'anar kalmomi.

Bayan ficewarsa a 1973 kaifin kiɗan ya ragu, ko da yake Rebop Kwaku Baah, makaɗi daga Ghana, ya shigo a 1977. Ƙungiyar ta watse a 1979.