Daga mace ɗaya zuwa 43: tarihin kujerun mata a majalisar Nijar

Ƴan uwa ɗalibai, duk lokacin da anka tada zancen mata da siyasa, amsar da na fi ji ita ce: "Ai al'adarmu ce, Bahaushe ba ya zaɓen mace." Ni kuwa ina ganin maganar ba ta cika ba. Mutumin Gidan Rumji da na Sabon Birni harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna aurar da juna, iyaka ce kawai ta ratsa tsakaninsu. Amma bayan zaɓen 2020 mata sun riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na majalisar Yamai, a majalisar Abuja kuwa bayan zaɓen 2023 ko kashi 5 cikin 100 ba su kai ba. In al'ada ce kaɗai, mi ya kawo wannan rata? Amsar tana cikin yadda ake juya ƙuri'u su koma kujeru.

Mu fara da gida. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa sunka kafa sabuwar fadarsu a Tsibiri, nan cikin yankinmu na Gidan Rumji. A wannan fada akwai sarautar Inna, kamar yadda Katsinawan Maraɗi suke da Iya. Inna ba ƙawa ba ce ta fada: tana da iko kan sha'anin mata da na bori, kuma ana jin maganarta. Ke nan mace mai riƙe da muƙami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sai dai kujera ɗaya ce tak, ta gidan sarauta, kuma naɗawa ake, talaka bai da ta cewa.

Ƙuri'a ta zo ma kowa, mace da namiji, da dokar da Faransa ta yi ma ƙasashen da take mulki a 1956. To amma jefa ƙuri'a daban, shiga majalisa daban. Duk zamanin Diori Hamani, daga 1960 zuwa 1974, babu mace ko ɗaya a majalisar dokoki. Zamanin Seyni Kunce majalisar ma babu ita. An dai kafa ƙungiyar matan Nijar, AFN, a 1975 ƙarƙashin inuwar gwamnati. Sai a Disambar 1989, lokacin Ali Saibu, mata 5 sunka shiga cikin depite 93. Jam'iyya ɗaya ce lokacin, MNSD, jerin sunaye ɗaya. Wanda shugabanni sunka rubuta shi ya wuce. Shekara 33 ke nan tsakanin ƙuri'a da kujera.

Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, anka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma mace ɗaya ce cikinsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata sunka fito titin Yamai, sunka nufi ofishin firaminista, sunka ce ba su yarda ba. Aka ƙara mata biyar cikin kwamitin. Wannan ce ranar da muke biki duk shekara da zane iri ɗaya, kodayake da yawa cikinmu sun san zanen ba su san tafiyar ba.

Abin mamaki, zuwan jam'iyyu da yawa bai ƙara ma mata komi ba. Majalisa mai kujera 83: mata 5 a 1993, 3 a 1995, sannan a 1999 mace ɗaya, Aisata Munkaila ta MNSD. Dalili a fili yake. Da takara ta zama ta gaske, kujera ta yi tsada, kowace jam'iyya ta ba masu kuɗi da masu jama'a, su kuwa maza ne.

Ranar 7 ga Yuni 2000, farkon mulkin Tanja Mamadu, anka kafa dokar kaso, wadda muke ce ma kota. Ƙungiyoyin mata irin su CONGAFEN sun daɗe suna matsawa, ministar kula da jin daɗin jama'a ta lokacin, Nana Aisha Fumakoye, ta ɗauki maganar. Dokar ta ce a muƙaman zaɓe kada ɗayan jinsin biyu ya kasa kashi 10 cikin 100, a muƙaman naɗi kashi 25. Ni da nake karatun harshe, lafazin ya ja hankalina: ba a ce "a ba mata" ba, cewa anka yi "ɗayan jinsin biyu". Majalisa mai maza 82 ta fi iya haɗiye wannan, don a takarda dokar tana kare namiji kamar yadda take kare mace.

Amma ƙarfin dokar yana wani wuri, kuma sai mun fahimci tsarin zaɓenmu za mu gan shi. Kafin juyin mulkin 2023, a Nijar jiha ce mazaɓa. Jihar Maraɗi, daga Gidan Rumji har Gazawa, mazaɓa ɗaya ce mai kujeru da yawa. A zaɓen 2016 da na 2020 sun kai 30 har da ɗoriya. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye, kai mai zaɓe jam'iyya kake dangwala ma, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu. Dokar kaso ba ta tsaya kan jerin ƴan takara ba, ta bi har zuwa sakamako. Tun farko anka ce jam'iyyar da ta ci kujera uku ko fiye a mazaɓa ɗaya, dole ta cika kason cikin waɗanda za su zauna, kuma kotun tsarin mulki tana da ikon maido da jerin da bai cika ba. Da ma dokar a kan takara kaɗai ta tsaya, da sai a jera mata can ƙarshen takarda inda kujera ba ta kaiwa.

Ga abin da ya biyo baya. A 2004, mata 14 cikin 113. A 2011, 15 cikin 113. A 2014 anka ɗaga kason zuwa kashi 15, a Disambar 2019 zuwa kashi 25 na zaɓe da 30 na naɗi. Zaɓen 27 ga Disamba 2020 ya ba mata 43 cikin kujeru 166 da anka cika. Lissafin mai sauƙi ne: jam'iyyar da ta ci kujera 8 a Maraɗi, 2 na mata ne, ko uban jam'iyya ya so ko bai so ba.

Yanzu ku dubi Bermo, nan arewacin jiharmu. Ta kasance cikin mazaɓu takwas na musamman da anka ware don ƙananan al'ummomi, kowace da kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Yaya za a cire kashi 25 daga kujera ɗaya? Ba ya yiwuwa. To a Najeriya kowace kujera Bermo ce. Kujeru 360 na majalisar wakilai da 109 na dattawa, kowace mazaɓa mutum ɗaya take fitarwa. Jam'iyya tana da harsashi ɗaya, sai ta ba wanda take ganin ya fi ƙarfi, kuma zaɓen fid da gwani can kuɗi ne. Matan Arewa ma ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda NEPU da ƴancin mata. A Maris 2022 majalisar Abuja ta yi watsi da ƙudurin ware ma mata kujeru na musamman. Zaɓen 2023 ya ba da sanata mace 3, daga baya kotu ta ƙara ɗaya. A majalisar wakilai mata ba su kai 20 ba.

Kada wani ya ce talauci ne ko rashin boko. Faransa ta yi tata dokar daidaito ranar 6 ga Yuni 2000, kwana ɗaya kafin tamu. Amma depitenta mazaɓa ɗaya mutum ɗaya ne, kuma hukuncin jam'iyyar da ta saɓa shi ne rage mata kuɗin tallafi. Manyan jam'iyyu sunka gwammace asarar kuɗin. A 2002 mata wajen kashi 12 cikin 100 sunka samu, daidai da abin da Nijar ta samu a 2004 da kaso na kashi 10 kacal. Senegal kuwa, da ta ce a 2010 a jera sunaye namiji, mace, namiji, mace, ta samu mata 64 cikin 150 a 2012.

Dokar ta sauko har ƙauye. A zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, kwamin 265 sunka zaɓi konseye, mata fiye da 600 sunka shiga. Kwamin ɗin Cadakori, Gidan Sori, Saye Sabuwa, Tsibiri da Gidan Rumji duk dokar ta hau kansu. Da jam'iyyu sunka fita neman mata, wasu sun same su a shirye cikin ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda anka fara nan jihar Maraɗi a 1991. Macen da ta shekara tana riƙe akwatin kuɗin mata talatin, tana raba bashi tana karɓa, ta riga ta koyi magana gaban jama'a.

Ba zan ce komi ya yi daidai ba. Ku lura da alƙaluman: duk inda doka ta aza layi, nan jam'iyyu suke tsayawa, ko su ɗara kaɗan. Abin da anka yi don ya zama dandamali sun maida shi rufi. Sannan tsarin jeri yana ba shugabannin jam'iyya iko mai yawa. Macen da ta shiga, su take bin bashin godiya kafin matan ƙauyenmu da sunka yi layi cikin rana. Ƙananan jam'iyyu masu kujera ɗaya ko biyu kuma dokar ba ta cika kama su ba. Ga kujerar magajin gari, wadda ita ma ɗaya ce, kusan duka maza ne sunka riƙe ta. Waɗannan gyara suke so, kuma gyaran yana cikin rubutun doka.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, a Maris 2025 kuma anka rushe jam'iyyu. Duk ranar da za a koma zaɓe, sai an sake rubuta dokarsa, kuma a irin wannan zama ne ake cin kujeru ko a rasa su tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Abin da nake roƙonmu shi ne mu nemi daftarin mu karanta, mu fassara ma iyayenmu mata da Hausa, mu yi tambaya uku. Mazaɓa kujera nawa za ta ɗauka? Kason a kan takara yake ko a kan sakamako? Wa zai hukunta wanda ya saɓa? Matan 13 ga Mayu ba su jira an gama taro ba, kwamitin shiryawa sunka tara, don sun san da safe ake kama fara.