Daga majigi zuwa Tom da Jerry: kyanwar da ba ta nemi tafinta ba

Tun kafin akwatin talabijin ya shiga gidajen Gusau, mutanen ƙasar Zamfara sun san hoto mai motsi ta hanyar majigi. Motar hukuma ce ke zuwa da injinta da farin ƙyalle, a kafa a fili, galibi a ƙofar fada, a jira rana ta faɗi. Garuruwa irin Tsafe da Gusau da Bungudu suna jere ne a kan hanyar Funtua zuwa Sakkwato, ga jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau zuwa Kauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 don kwasar gyaɗa da auduga. Ƙasar auduga kuwa ita aka nufa da fina-finai irin su Baban Larai, mai koya wa manomi noman zamani.

Majigi yana da ƙa'idojinsa, kuma wanda ya shimfiɗa su shi ne William Sellers, wani jami'in tsafta da ya yi aiki a Legas, wanda ya jagoranci sashen fina-finan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. A ganinsa, ɗan Afirka na karkara ba zai iya bin hoto mai sauri ba. Don haka a tafi a hankali, a guji dabarun kyamara, a sa mai bayani ya riƙe lasifika yana faɗa wa jama'a abin da idonsu ke gani.

A daidai wannan lokaci, can a Amurka, William Hanna da Joseph Barbera na kamfanin MGM suna zana abin da zai karya waɗannan ƙa'idoji kaf. Sun fara a 1940, kuma zuwa 1958 sun fitar da gajerun katun 114 na kyanwa Tom da ɓera Jerry, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. An yi su ne don a nuna a sinima kafin babban fim, manya da yara na zaune tare.

A Arewa kuwa ta talabijin suka samu gindin zama. Tashar Kaduna ta buɗe a 1962, ta Sakkwato ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, sannan NTA ta haɗe tashoshin a 1977. Da la'asar ake buɗe tasha, katun na cikin abin da ake farawa da shi, yaran unguwa su cika gidan mai talabijin har bakin ƙofa, ana addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya zo, faifan CD ya biyo shi, sai dish mai kamo tashoshin Larabawa irin MBC3. Ko da aka rufe gidajen sinima a Zamfara bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, abin bai taɓa Tom da Jerry ba, domin sun daɗe da tarewa a cikin ɗaki.

Wanda ke son ganin inda ƙarfin katun ɗin yake, ya duba The Cat Concerto na 1947, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da suka ci Oscar. Minti bakwai ne da 'yan kai. Tom ya fito gaban taro cikin baƙar kwat, ya gyara zama da isa, ya soma kaɗa fiyano. Ashe Jerry yana barci a cikin cikin fiyanon, a kan 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiya. Kiɗa ya yi ta wurga shi sama da ƙasa har ya farka, ya leƙo. Tom ya sa yatsa ya ƙyasta shi gefe, nan rigima ta tashi: Jerry ya rufe murfi a kan yatsun Tom, ya kawo almakashi, ya ɗana tarkon ɓera a kan madannai. A duk wannan bidiri kiɗan bai tsaya ba. Kiɗa ne na Franz Liszt, makaɗin Hangari na ƙarni na 19, wanda Scott Bradley ya daidaita da hoton, kuma kowane duka yana sauka ne daidai da bugun sauti. A ƙarshe Jerry ya karɓe ragama daga ciki, ya tilasta wa Tom maimaita ƙarshen kiɗan har ya zube, kwat ta yayyage, ɓera ya fito ya karɓi tafi.

Babu kalma ko ɗaya a ciki. Yaron Bungudu da bai taɓa ganin fiyano ba, bai kuma ji sunan Liszt ba, yana sheƙewa da dariya a daidai wurin da ɗan birnin Landan ke yi. Ga sauri, ga dabarun hoto, ga rashin mai bayani, duk abin da Sellers ya ce ba zai yiwu ba. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Kura, inda ƙarami mai wayo ke wasa da hankalin babba mai ƙarfi.

Rauninsa ma a nan yake. Tatsuniya takan bar Gizo ya ji kunya wani lokaci, a kama shi dumu-dumu, ya ruga ya maƙale a bango. Jerry kuwa da wuya ya ɗanɗana kuɗarsa, alhali sau da yawa shi ne mai tsokana. A wannan katun ɗin ma Tom sana'arsa kawai yake yi. Duka kuma ba ya barin tabo: a murƙushe kyanwa ta zama faifai, bayan daƙiƙa biyu ta miƙe garau. Iyayen da suka raba faɗa bayan an tashi daga kallo sun san yara ba su cika bambance wannan ba. Labarin The Cat Concerto ma ba na MGM kaɗai ba ne, domin kamfanin Warner ya fitar da Rhapsody Rabbit a 1946, zomo na kaɗa kiɗan nan na Liszt, ɓera na damunsa, har kamfanonin biyu suka zargi juna da sata.

Tabo mafi muni yana cikin sauran jerin. Akwai wata baƙar mata mai ƙiba, wadda kusan kullum ƙafafunta da silifas kawai ake gani, tana daka wa Tom tsawa da tsintsiya a hannu. Lillian Randolph ce ta yi muryarta, kuma an zana ta ne a kan siffar da fararen Amurka suka daɗe suna yi wa baƙar baiwa mai aikin gida ba'a da ita. An daina sa ta a 1952, daga baya gidajen talabijin na can suka sake muryar ko suka canza hoton. Yaran Gusau da Tsafe sun yi mata dariya a matsayin masifaffiyar uwar gida, ba wanda ya gaya musu cewa da irin fatarsu ake yi.

Bayan MGM ta rufe ɗakin zanenta a 1957, Gene Deitch ya yi guda 13 a birnin Prague, Chuck Jones ya yi 34 tsakanin 1963 da 1967, amma ba su kamo ƙafar na farko ba. Yau masu tura fina-finai a waya suna zuba tsofaffi da sababbi a haɗe. Uban da zai tura wa yaransa, ya ce a sa masa na Hanna da Barbera, kuma ya zauna ya kalla tare da su.