Garifuna: Jirgi ne ya kife, ko bayi ne suka gudo?

Duk ranar 12 ga Afrilu, Garifunawan Honduras kan yi bikin tunawa da ranar da jiragen Ingila suka sauke kakanninsu a tsibirin Rowatan a 1797. Da bikin ya zagayo, tsohuwar gardama ma sai ta taso: yaya aka yi baƙar fata suka gaji harshen dangin Arawak, na 'yan asalin Amurka ta Kudu?

Labarin da ya fi yawo shi ne na jirgin bayi da ya kife kusa da tsibirin Sent Binsent, waɗanda suka tsira suka fake wurin Karibawa, 'yan asalin tsibirin masu wannan harshe. Wasu sun ce a 1635 aka yi, wasu 1675. Wannan saɓani ma ya isa mutum ya yi taka-tsantsan. Sannan a duba su wa labarin ya yi wa daɗi: Turawan Ingila masu gonakin rake, irin su William Young, waɗanda suka ƙwallafa rai a kan filayen tsibirin bayan yarjejeniyar Faris ta 1763. In aka ce mutanen nan teku ce ta jefo su, shi ke nan, ba su da gadon ƙasa.

Ni dai ɗaya bayanin ya fi kwanta mini: bayi sun riƙa gudowa daga Barbados da maƙwabtanta kaɗan-kaɗan, suna auratayya da Karibawa. Harshen kansa shaida ne. Nahawunsa na Arawak ne, kalmomin Afirka a cikinsa ba su taka kara sun karya ba, ƙidaya daga huɗu kuwa aron Faransanci ce. Da wuya taron da ya sauka rana guda ya yar da harshensa haka.

Turawan ba su samu ƙasar da arha ba. Jagoran Garifunawa, Joseph Chatoyer, ya yaƙe su har suka ƙulla sulhu da shi a 1773. Ya sake ɗaukar makami da goyon bayan Faransa, aka kashe shi a tsaunin Dorsetshire ranar 14 ga Maris, 1795. Bayan an ci su da yaƙi, aka jibge mutum fiye da 4,000 a tsibirin Baliso, inda cuta da yunwa suka kashe kusan rabinsu kafin a kwashi sauran zuwa Rowatan.

Daga Rowatan suka bazu zuwa gaɓar Honduras, Beliz, Gwatemala da Nikaragwa, daga baya har Niyok. UNESCO ta karrama harshensu da kiɗansu da raye-rayensu a 2001. A 2002 Sent Binsent ta ayyana Chatoyer gwarzon ƙasa, alhali harshensa ya daɗe da ɓacewa daga gidajen tsibirin.