Tarihin Ɗaukar Hoton Wata da Mirrihu

Tun kafin a san wani abu wai shi hoto, malaman falaki sun daɗe suna jayayya a kan duhun nan da ake gani a fuskar wata, har Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya wallafa maƙala guda a kan mas'alar, inda ya bi ra'ayoyin magabata ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rinjayar da cewa alamar a jikin watan take, ba wani tururi ba ne da ya gitta tsakaninmu da shi. Hujjarsa ta hankali ce, domin ba shi da abin dubawa sai ido. Da Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa a 1609 ya ga tsaunuka da ramuka a kan wata, da hannunsa ya zana su. Haka kuma Riccioli, wanda a 1651 ya raɗa wa ramukan sunaye, bai manta da malaman falaki irin su Albattani da Assufi da Azzarƙali ba, ga sunayensu can har yau.

Illar zane ita ce shaidar mutum ɗaya ce, kuma mutum yakan ga abin da zuciyarsa ke so. Saboda haka, lokacin da John Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York a 1840, bayan ya bar farantin azurfa yana shan haske kimanin minti 20, aka yi zaton an sami shaida adali wanda ba ya ƙari ba ya ragi. Hotunan wata da wani mai ɗaukar hoto, Whipple, ya ɗauka da babban madubin Harvard ma sun sha yabo a bajekolin Landan na 1851. Sai dai adalin nan nawa gare shi. Iskar da ke kanmu ba ta tsayawa cik, rawa take kamar kawalwalniyar tsakar rana, kuma yayin da farantin ke jiran haske ya ishe shi, sai ƙananan alamomi su dagule, alhali ido yana iya cafke daƙiƙa guda da iska ta lafa. Don haka ne masu zane suka ci gaba da riƙe girmansu, ko bayan Loewy da Puiseux sun fitar da kundin hotunan wata a Faris tsakanin 1896 da 1910.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne Mirrihu, wato duniyar Mas. A 1877 Schiaparelli ɗan Italiya ya ce ya ga layuka a kanta, sai Percival Lowell, attajiri mai himma wanda ya gina ɗakin duban taurari a Arizona a 1894, ya haƙiƙance cewa magudanan ruwa ne da wasu halittu masu hankali suka haƙa, ya cika taswira da su. Abin mamaki, hotunan da mataimakinsa Lampland ya ɗauka a 1905 ba su raba gardama ba, don ƙanana ne ƙwarai, kowane ɓangare ya karanta ra'ayinsa a cikinsu. A ganina Lowell ba maƙaryaci ba ne. Kwaɗayin gani ne ya yi masa jagora, kuma Antoniadi, wanda ya musanta magudanan a 1909, shi ma da ido ya duba.

Sai da aka fita daga cikin iskar gaba ɗaya kana hukunci ya yanku. Kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyat ya nuna bayan wata a Oktoban 1959, gefen da ɗan Adam bai taɓa gani ba. Ranger 7 na Amurka ya aiko hotuna fiye da 4,000 a 1964 kafin ya faɗa wa watan. A Yulin 1965 Mariner 4 ya wuce ta kusa da Mirrihu, hotunansa suka riƙa isowa sannu a hankali a matsayin lambobi, har injiniyoyin da haƙuri ya gaza musu suka jera takardun lambobin suka shafa musu launi da hannu. Da hotunan suka kammala, ramuka aka gani birjik, babu magudana ko ɗaya.